Rasuwar Koren Bargon Kejin Onde

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da sabulu ya gama cinyewa, ni Zurina binti Ramlee, mazauniyar hawa na goma sha ɗaya a unguwar Bedok, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk masu kiwon ɓeran Masar a Singapore rasuwar Koren Bargo, shimfiɗar kejin gidanmu. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin guga, bayan shekara huɗu da wata biyu yana bakin aiki.

An haifi marigayin a wani shagon yadi, mita biyu cif, ni kuma na ɗinke shi da hannuna, na sa masa tsohon tawul a ciki. Ya zo mana a lokacin da muke cikin tsaka mai wuya. A da garin katako muke zubawa a keji kamar kowa, in ya jiƙe mu kwashe mu zubar, har ranar da Onde, babba cikin ɓerayenmu uku, ya fara numfashi da wani fito kamar buta ta kusa tafasa. Likitar dabbobi ta saurari ƙirjinsa, ta ɗago ta kira ni Kak, wato yaya, ta ce, "Ƙura ce. Garin katako, yankakkiyar takarda, duk ki raba shi da su in kina son ya ga baɗi." Sati biyu da shimfiɗa bargon, fiton ya ɗauke. Onde ya ga baɗi, ya ga ta bayanta, yanzu shekararsa shida.

Marigayin mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Fitsarin ɓera uku yake karɓa ya wuce da shi ƙasa, samansa a bushe, kuma bai taɓa tona mu a gaban baƙi ba. An ci ciyawa a kansa, an yi faɗa a kansa, an yi abin da ya fi faɗa muni sau ɗari a wuni, bai ce uffan ba. Maganarsa kaɗan ce. "Fat, fat," in ana kakkaɓe shi da safe. "Gwaf, gwaf," in injin wanki yana juya shi. Sai kuma ɗan kaɗawar da yake yi a kan gorar shanya, can waje da tagar kicin, wanda nake ji ina yanka albasa hankalina ya kwanta.

Sharaɗi biyu kawai ya gindaya mana a rayuwarsa: kada a sa masa ruwan ƙamshin nan mai tausasa tufafi, kuma kada zafi ya taɓa shi. Duk mai ɓeran Masar ya san wannan. Ashe ban taɓa gaya wa surukata ba.

Mak, mahaifiyar mijina, ta zo daga Johor ta yi mana sati. Ta ga bargon a kan gora, ta murza shi da yatsu, ta yatsine fuska. "Zurina, wannan tsumman kike shimfiɗa wa bayin Allah? Ko ƙamshi babu."

"Mak, haka yake so, a bar shi kawai," na ce, ina neman takalmina don na makara wurin aiki. Da na tsaya minti ɗaya na yi mata bayani, da yau ban rubuta wannan takarda ba.

Mak ta jiƙa shi da rabin kwalbar ruwan ƙamshi. Washegari, da taimakon fanka da addu'a, ta busar da shi, ta ɗauko dutsen guga ta bi shi lungu-lungu, don a wurinta kayan da ba a goge ba bai gama wankuwa ba. Na dawo na same shi a ninke, yana sheƙi, gashinsa ya narke ya kwanta. "Shinshina ki ji," in ji Mak, fuskarta cike da murna. "Yanzu ya zama kayan mutane." Na ɗebo ruwa a kofi na zuba masa, kamar yadda muke gwada kowane bargo. Ruwan ya tsaya a kai, ya gangara ƙasa kamar a kan leda. Na wanke shi da ruwan tsami sau uku. Bai farfaɗo ba.

Mijina, Abang Jaafar, ya dafa ni ya ce, "Haba ke kuwa, bargo ne fa. Mu sayi sabo." Na saya, Abang. Sabon bargo ba ya shan ruwa sai an wanke an busar sau huɗu ko biyar, kuma Disamba muke, yau kwana tara ana ruwan sama. Ga shi can rataye a falo, wanki ɗaya ya samu, har yanzu da danshi. Injinan shagon wanki na ƙasa da kansu suke zuba ruwan ƙamshin, kuma an manna takarda cewa ba a kawo kayan dabbobi. Na gwada tawul zalla, kafin yamma ya jiƙe sharkaf, tafin ƙafafun Onde suka yi ja. Dole na koma ga yankakkiyar takarda, wadda aka rubuta a jikin buhunta wai ba ta da ƙura. Ran Alhamis fiton ya dawo. Yau da safe na miƙa masa kokwamba, abin da yake taka 'yan uwansa ya ƙwata, ya shinshina ya juya kai. Tsoro nake ji, kuma ban san me zan ƙara yi ba.

Marigayin ya rasu ya bar Onde, da Lepat, da Keropok wadda ta ci kusurwarsa ta hagu tun yana sabo, da buroshin kakkaɓa, da gorar shanya guda, da ni. Ya kuma bar Mak, wadda ta fasa komawa Johor, take zaune a gaban keji tana yi wa Onde fifita da murfin kwali. Jiya ta ce da ni, "Da hannuna na yi, ko?" Na ce mata a'a. Kada wanda ya zo ya ce mata wani abu daban.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe, a sauke marigayin zuwa babban kwandon shara na ƙasan benenmu. Za a karɓi gaisuwa a gida, akwai shayi da soyayyar ayaba. Kada a kawo furanni, ƙamshinsu ya ishe mu.

Abin da nake roƙo, don girman Allah, shi ne tsohon bargo irin nasa, wanda ya sha wanki bai taɓa ganin ruwan ƙamshi ko guga ba. Ko da ɓula, ko da tabo, ko rabi ne. Wanda yake da shi kada ya jira goben, ya hau lif yanzu, ƙofar a buɗe take. Wanda ba shi da shi ya zo dai ƙarfe goman, don ban sani ba ko gawa ɗaya za mu sauke.