Farfesa Karkarwa da Tasar Gado

Allah ya yi wa Dutsin-Ma baiwa biyu: ruwan madatsar Zobe da Malam Ɗanmusa. Ruwan dai yakan ja baya da rani, amma ilimin Malam kullum a cike yake. Malamin kimiyya ne a wata sakandare, yana da baƙar rigar nan ta ranar karɓar takardar shaida, wadda yake sawa ranar taro da ranar suna, wani lokaci har ranar kasuwa.

A 1987 wata mujalla ta faɗo hannunsa. A ciki ya karanta cewa Turawa sun ƙona jan ƙarfe da wasu ma'adinai, sun sami wani baƙin dunƙule. In aka sanyaya shi, lantarki na ratsa shi ba asara, maganaɗisu kuma ya tsaya a iska a samansa. Wasu masana na zaton sirrin yana cikin ƙananan maganaɗisai da ke cikin jan ƙarfen, waɗanda ba sa zama lafiya, kullum suna karkarwa.

Ai sai gari ya shiga uku. Mai shayi ya sha bayani, mai faci ya sha bayani.

"Ku jahilai ne, amma ba laifinku ba ne," in ji shi. "Karkarwar nan ita za ta kai wuta Kurfi da Ɗantutture, ko ɗigo ba zai zube a hanya ba. Turawa zato suke yi. Ni na tabbatar."

Daga nan aka raɗa masa Farfesa Karkarwa. Ya ji daɗin rabin sunan, ya yafe sauran.

Saura jan ƙarfe. Matarsa Sauda, 'yar Kurfi, tana da tasa guda da ta gada daga mahaifiyarta, ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki. Malam ya ce aro zai yi, zai kai a goge mata. Ya kai ta maƙera aka sassare, aka ƙona, aka yi dunƙule. Ma'adinan da mujalla ta lissafa babu su a kasuwa, sai ya sa kanwa da toka, don a cewarsa duk dangi ne. Mujallar ta ce ana bukatar sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Nan ma bai damu ba.

"Wannan ma'aunin Bature ne, wanda aka haifa cikin sanyi. Ƙarfen da ya girma a Kurfi, ƙanƙara ma ta yi masa yawa."

Ranar baje kolin kimiyya ya sa baƙar riga, ya gayyato shugaban makaranta Mista Ernest da iyayen yara. Sauda na sahun gaba da sabon mayafi. Ya ɗora dunƙulen a kan ƙanƙarar da ya karɓo wurin masu kifi, ya ɗaga maganaɗisun da ya ciro daga rediyonsa, ya ce kowa ya riƙe numfashi. Ya saki. Ƙwas! Ya sake. Ƙwas!

"Karkarwar ba ta kankama ba tukuna," in ji shi, yana share gumi.

"Ta kankama mana, Farfesa," in ji Ummaru masunci, yayan Sauda. "Ga ta nan a gwiwarka."

Mista Ernest, don ya rufa masa asiri, ya tambayi inda ya samo jan ƙarfe mai kyau haka. Malam kuwa in aka yaba masa, ba ya iya kame bakinsa.

"Tasa ce ta asali, Yallaɓai, irin ta mutanen da. Na sadaukar da ita."

Sauda ta miƙe. "Malam, tasar da aka kai guga?"

"Uwargida, sunanki zai shiga tarihi."

"Motar Kurfi zan shiga."

Sati uku ana biko. Tasa dai ba ta dawowa, maƙeri ya rantse. Ummaru ya kwashe dunƙulen ya ɗaura a bakin tarunsa, ya ce bai taɓa ganin abin da ya iya nutsewa kamarsa ba.

Da Sauda ta dawo, abu ɗaya ta nema: aron baƙar riga, za ta kai a goge masa. Ni mai ba ku labarin nan na je gidan da bazara, na ga rigar da idona, an yanke hannuwan, an jiƙa ta an naɗe randa. Sauda ta ɗebo mini a moɗa, ta ɗebo wa Malam.

"Sha, Farfesa," ta ce. "Yau dai rigarka ta sanyaya wani abu."