Rasuwar Ƙamus ɗin Yaya Abdussalam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake hawaye sun ƙi zuwa har yanzu, ni Zinatu Halilu ta Bukkuyum nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da ɗaliban adabin Turanci na wannan yanki rasuwar Ƙamus ɗin gidanmu mai jan bango. An tarar da shi ranar Talata da hantsi a saman katangar ɗakin Inna, bayan shekara goma sha tara yana hidima.

Marigayin ya shigo gidan nan daga Sakkwato a jakar yayana, Malam Abdussalam, lokacin yana karatun malanta. Da Yaya ya fara koyar da adabi, tare suke shiga aji. Duk wanda ya zauna gabansu ya san muryar marigayin: tim! in an dire shi kan tebur don tashin masu gyangyaɗi, shaf-shaf-shaf in ana neman kalma, sai fap! in an same ta an rufe.

Shaidar da za mu yi masa ta alheri ce. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa babu sabis ba. Ka tambaye shi kalma ɗaya sau goma, sau goma zai amsa, ba ya yi maka kallon daƙiƙi. Ya hau kabu-kabu zuwa Gummi da Anka aro, ya dawo da tabon manja da kunun gidajen mutane, bai kai ƙarar kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: ka je neman ma'anar kalma guda, ya sallame ka da wasu uku da ba ka taɓa ji ba. Shi ya sa Yaya ya bi gefen shafukansa da jan biro yana rubuta ma'ana da Hausarmu, da misalai na cikin gida. A gaban metaphor ya rubuta: Inna rumbu ce. Da wannan layi na gane abin da malamai biyu suka kasa cusa mini a kai.

Shekara biyu ke nan da Allah ya karɓi ran Yaya, Allah ya jiƙansa. An yi sadaka da tufafinsa, riga ɗaya kawai Inna ta ɓoye. Rubutun hannunsa kuwa bai rage a ko'ina ba sai a gefen waɗannan shafuka.

Jinyar Ƙamus ɗin ta fara ne ba da sanin kowa ba. Na tafi Gummi zaman jego wurin yayata Baraka, na bar shi kan tabarma kusa da takalma. Inna ba ta karanta boko, amma a wurinta littafi mai kauri ba ya kwana a ƙasa, balle wanda ɗanta ya riƙe. Ta naɗe shi a waccan riga, ta taka turmi, ta ɗora shi can ƙarƙashin azara inda take ajiye abin da take girmamawa. Damina ta sauka, gara ta biyo azara. Wata uku na yi a Gummi.

Gara ta san aikinta. Ta bar bango, ta bar siffa, ta shiga ta gefen shafi, daidai inda jan biro yake. Da na sauko da shi na ji ba nauyi, jar ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Na kai shi kasuwa wurin Malam Shafi'u mai ɗinkin takalma, wanda sau biyu yana ɗinke masa baya. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya rufe, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na dawo gida na share tsakar gida, na ɗora sanwa, na ci tuwo. Ina jiran in ji wani abu, ban ji ba tukuna.

Marigayin ya bar bango biyu, da zaren Malam Shafi'u, da tsakiyar wasu shafuka daga R zuwa T, ba gefe ko ɗaya. Ya bar ɗalibai da ba su ƙirguwa, cikinsu har da ni, da zan zauna jarrabawar adabi karo na uku nan da kwana goma sha tara. Ya kuma bar Inna, wadda ba ta sani ba, domin ranar na mayar da ƙunshin inda yake kafin ta dawo daga unguwa. Kullum da safe in ta idar da lazimi sai ta ɗaga kai ta dube shi ta yi wa ɗanta addu'a. Duk baƙuwar da ta zo sai ta nuna mata, ta ba ta labarin yadda ta tsince shi a ƙasa ta adana.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa mai zuwa, bayan Inna ta fita da daddawarta, a bayan rumbun gero. Ni da Baraka kaɗai za mu halarta. Malam Shafi'u ya yanko guntun katako daidai girman marigayin, shi za a naɗe a rigar a mayar saman katanga.

Ana roƙon jama'a kada kowa ya zo gida ta'aziyya. Wanda ya shigo ya gaishe da Inna kamar kullum. In ta nuna muku ƙunshin, ku ɗaga kai ku duba, ku ce ta kyauta.