Rasuwar 'Yar Sanɗa, Motata Mai Caji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu cike da sanyi, ni Goggo Barira ta unguwar gabas, nan ƙauyenmu na gefen Watari, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda za su ji daɗi, rasuwar motata mai caji, 'Yar Sanɗa. Ta cika ranar Talata da azahar, ana tsakiyar bazara, bayan shekara biyu a hannuna.

Marigayiyar 'yar birni ce. Ta yi ƙuruciyarta a filin ciyawar nan da manya ke bin 'yar ƙwallo da sanda, tana ɗaukar masu ƙafa lafiya lau. Da ta tsufa aka yi gwanjonta, ɗana Muhammadu Sani da ke ban ruwa a filin ya kawo mini ita, a shekarar da mai ya gagari 'yan acaɓa, ni kuma ciwon gwiwa ya zaunar da ni.

Shaidar da zan yi mata, ba ta taɓa shan fetur ba, ba ta taɓa ɗaga murya ba. Tafiyarta sululu. Sai in iso bayan mata a rumfar gyaran albasa, in ji magana daga kai har wutsiya kafin wata ta waiwayo. In za ta ja baya ne kawai take cewa tit, tit, tit, shi ya sa ban cika ja da baya ba.

Na riƙe ta amana. Duk abin da Ɗanliti mai gyara ya gindaya na bi: ban taɓa bari cajinta ya ƙare ƙaf ba, ina zuba mata ruwan batir, a gangara in ɗage ƙafa ta huta. Ƙawata Hafsatu, wadda Allah Ya yi wa jiki, na sha sauke ta a gindin tudu ta hau da ƙafarta. Kan wannan muka yi wata guda ba ma ga maciji.

Ciwon ajali ya samo asali a gidan suna. Mata bakwai suka kewaye ta suna yabo, babu wadda ta ce tubarkalla. Na dawo ina tsoron kada baki ya kama ta. Ɗanliti ya ce a riƙa ajiye ta a inuwa, to ai ɗaki ma inuwa ne. Na shigar da ita ɗakin kwanon da muke ajiye taki, na lulluɓe ta da bargo biyu, na rataya laya, na ja ƙofa. A haka take shan caji da tsakar rana, tunda lokacin ne sola ke kawo wuta. Kwana goma sha biyu.

Ta fara da gajiya a tudu. Sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, na ɗora wa kaza laifi. Ranar Talata na murɗa makulli, ta ce ƙat, ba ta ƙara ba. Ɗanliti ya ɗaga kujera, ga batir shida sun kumbura kamar fanke. Ya ce zafi ne ya dafa su, har ya tambaye ni wa ya yi wannan aika-aika. Na ce baki ne. Ya kalli bargon, ya kalle ni, ya mayar da kujerar kawai saboda na girmi uwarsa.

Ta bar taya huɗu masu sauran ƙarfi, da caja da ke takaba a jikin bango, da sola a kan rufi tana tara wutar da babu mai sha. Ta bar ni. Muhammadu Sani ya ce sabon batir sai ƙasa ta gyaru. Shekarata saba'in da huɗu, na san ma'anar wannan.

Kwana tara ke nan ban wuce zaure ba. Ja'afaru mai shayi ya sa haƙorin Makka bai je Makka ba, sai bayan kwana huɗu na ji, a bakin namiji kuma, ba gishiri ba yaji. An ce Safiyatu ta yi yaji ta dawo. Ni ban ma san ta tafi ba.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na yarda. Ranar Juma'a bayan la'asar maza huɗu za su tura ta gindin darbejiyar ƙofar gida, inda iska ke kaɗawa, a can za ta kwanta. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba a sayar da gawa. Zaman makoki babu uku, babu bakwai, babu arba'in, kullum ne. Kada a kawo gumba, ba ni da haƙoranta. Mai zuwa ta zo da hantsi, ta zauna ta hannun dama, wannan kunnen ne mai ji. Za a same ni a kujerar direba, hannuna a kan sitiyari. Wadda ta makara kada ta damu, ba inda za ni.