Ƙaton Kifin da Na Kai wa Malamin Hadiza

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yata Hadiza ta tsaya kare bincikenta gaban malaman jami'a. Ni a lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Alibandeng ba, sai na dafa layi da yatsa nake haɗa baƙi.

Ta sha yi mini bayanin aikin. Wai tun kifi yana cikin ƙwai akwai wani irin kitse da ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwarsa, akwai kuma wasu 'yan ƙofofi masu karɓar saƙon. In ƙofa ɗaya ta toshe, ƙwaƙwalwar sai ta ginu a karkace. Wannan na gane. Amma da ta nuna mini ƙwan a waya, bai kai ƙwayar gero ba, sai tausayi ya kama ni. Na ɗauka rashin hali ne ya sa suke fama da 'yan mitsi-mitsi.

Mu kuwa ba ma zuwa wurin malamin ɗanmu hannu rabbana. Ranar da safe na biya kasuwar kifi ta Port Môle na zaɓi ƙaton kifi, kansa kamar tulu. Uwar Hadiza ta ce, "Malam, ina za ka da wannan?" Na ce ta zuba ido.

Na shiga zauren jami'ar da babbar riga, kifi a buhu yana ɗiga (ƙudaje biyu ma sun rako ni). Na dire shi gaban babban malamin, na ce, "Hadiza, faɗa masa ga mai ƙwaƙwalwar kirki, su huta da wahala."

Hadiza ta ce a hankali, "Baba, da gangan ake zaɓen ƙananan. Jikinsu garau yake, ana ganin ƙwaƙwalwar tana ginuwa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsorona kada in ja mata faɗuwa. Malamin ya leƙa buhun, ya yi magana da Faransanci, aka kwashe da dariya. Hadiza ta fassara mini: wai wannan kifin ya gama karatu, saura tukunya.

Hadiza ta ci jarrabawar, har da yabo. Sunanta da ke kan allo kuwa da kaina na karanta shi, har da nawa a bayansa, ba wanda ya taya ni.

Tun ranar, in zan kai wa masu ilimi tsaraba, sai na tambayi Hadiza tukuna. Buhun dai malamin bai dawo mini da shi ba.