Ankon Malam Ekis

Duk faɗin Samaru, in ana jera masu ilimin lissafi, da Malam Othniel ake farawa, sannan a gangaro kan sauran. Shi ma haka yake jerawa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana goge allo a sashen lissafi na wata babbar makaranta, kuma abin da manyan malamai suka rubuta a shekarun nan bai salwanta ba. Garin allin ya bi ta hancinsa, ya haura sama, ya samu wuri ya zauna. Farfesoshi sun zo sun wuce, ɗalibai sun zo sun wuce, shi kaɗai ne ya duba kowane allo daga wannan gefe zuwa wancan kafin ya share. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi agogon bango da kwalin alli. Agogon bai kai Kirsimeti ba ya tsaya. Allin kuwa yana nan yana yi wa jama'a hidima.

Abu ɗaya ya fito da shi daga wannan dogon karatu, amma fa abu ne babba. Kowace safiya yakan bayyana shi kyauta a teburin mai shayi, ga duk wanda bai riga ya tashi ba.

"Ku da ba ku shiga aji ba, ku saurara. Harafi kujera ce wadda ba kowa a kanta. Ka rubuta biyu, ka manna mata x, ka ƙara ɗaya. In uku ta zo ta zauna a kujerar x, biyu sau uku shida, da ɗaya bakwai. In goma ta zauna, ashirin da ɗaya. Jirgin sama da kuke gani, wannan ne ke riƙe da shi."

Mai shayi yakan jira ya gama, ya sa tsumma ya goge teburin, ya ɗora burodi. Daga wannan x ɗin sunan Malam Ekis ya fito. Shi ya ɗauka digiri ne.

A ikilisiyarsu ma ba ya ɓoye baiwar. Shi ya taɓa lissafa bencin da ajin Lahadi ke bukata, amsa ta fito goma sha ɗaya da rabi. Kafinta ya yi goma sha biyu. Har yau Malam Othniel bai yafe masa rabin nan ba.

Matarsa Tabitha ba ta da wannan zurfin. Kunun zaki take yi tana sayarwa a bakin ƙofa, kuma shekara ashirin da biyu tana layin baya a zumuntar mata, tana amsa waƙa. A bana ne shugabar zumunta, Mama Christabel, ta ji muryarta da kyau wata ranar Talata, ta ce Tabitha ce za ta ba da waƙa a babban taron gunduma da za a yi a Shika wata Asabar, bayan wata guda. Tun daga ranar makwabta suka haddace baiti uku ba da niyya ba, don tana wanke gero tana rerawa, tana shara tana rerawa.

Dokar taron guda ce, kowa ya san ta. Kowace zumunta da ankonta take shiga fili. Wadda ba ta da anko tana iya zuwa, tana iya tafi, amma daga bayan igiya.

Yadda aka saba sayen anko abin kunya ne ga mai ilimi. Mama Christabel takan ɗauki mata biyu su shiga kasuwar Sabon Gari, ta riƙa kiran suna, kowane suna a ajiye masa turmi ɗaya, 'yan mata biyu su raba turmi. Haka aka yi shekara da shekaru, kuma ba a taɓa samun kuskure ba, abin da Malam Othniel ke ɗauka sa'a ce kawai. Sai bana gwiwar Mama ta kumbura. Yana jin labari ya saka hula ya tafi dubiya, da alli a aljihu.

"Mama, zamanin kiran suna ya wuce. Faɗa mini lambobi kawai."

"To, Baba. 'Yan matan da ke tsayawa a gaba su goma sha biyu ne. Mu manya arba'in. Babba yadi shida, yarinya yadi uku."

Ya zaro takarda ya rubuta 6x + 3y + 6. A ƙasa ya rubuta 12 da 40. Ya miƙa mata ta gani. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da shafa man zafi.

Da safe yana ɗaura takalmi Tabitha ta leƙa takardar.

"Baban Wisdom, da ka rubuta a gefe wanne ne manya, wanne ne yara."

"Maman Wisdom, in na rubuta hakan, kowane mai tura baro zai iya karantawa. Ina amfanin shekaruna talatin da ɗaya?"

Ta ce gaskiya ne, ta koma kan kununta.

A cikin bas daga Samaru ya yi sa'ar zama kusa da wata ɗaliba mai littafi a cinya. Kafin bas ta kai Kwangila ya gyara mata fahimtarta a kan abubuwa huɗu da ba ta tambaya ba. Ya gaya mata sunayen farfesoshin da suka yi aiki tare da shi. Ta sauka tun kafin inda za ta. Shi kuwa ya isa Sabon Gari da kai cike da ilimi, har wani ƙaramin abu ya rasa wurin zama ya fita.

Shagon Nneoma yana can layin 'yan atamfa. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi ta wasu masu hula, kuma ita ke sayar wa zumuntar anko tun uwarta na da rai. Ta riga ta ware zanen da aka zaɓa, shuɗi mai ganyen dabino.

"Sannu da zuwa, Baba. Yaya gwiwar Mama? Mata nawa ne bana?"

"Ban zo da mata ba. Da lissafi na zo."

Ya shimfiɗa takarda a kan atamfa. Ga x, ga y. Ga 12, ga 40. Ya dube su, suka dube shi. Ya san ɗaya daga cikin kujerun nan ta manya ce, ɗaya ta yara, amma wacce ce wacce, sun ƙi faɗa. Wayarsa na aljihu, lambar Tabitha ce ta farko a ciki. Sai dai mutumin da ya yi aiki da farfesoshi ba ya kiran mai kunun zaki a gaban mai atamfa. Ya yi tunani irin na masana. X ce ta fara zuwa a layi, goma sha biyu ce ta fara zuwa a layi. Ilimi yana son tsari.

"Shida sau goma sha biyu, saba'in da biyu. Uku sau arba'in, ɗari da ashirin. Da shida. Yadi ɗari da casa'in da takwas. Turmi talatin da uku, ba ƙari ba ragi."

Nneoma ta ɗaga kai.

"Baba, bara arba'in da huɗu suka ɗauka. Ko an yi rabuwa a cocin ne?"

"Bara da ido aka saya."

"To wannan shidan na ƙarshe fa, da ba shi da harafi?"

Nan ya gyara tsayuwa, don ta taɓo inda yake so. "Wannan ita ce lambar da ba ta canzawa. Mata su ƙaru, mata su ragu, tana nan. Ni ne. Uban zumunta ba ya zuwa taro da kayan gida."

Babu wanda ya taɓa naɗa shi uban zumunta, amma babu wanda ya taɓa hana shi. Nneoma ta tambaya sau ɗaya ko ta kira Mama. Ya ce in ta kira, to ta zagi ilimi. Ta ɗaure turmi talatin da uku. Kafin ya nufi tasha ya ratsa Unguwar Gabas, ya ajiye nasa turmin wurin Sebastian tela, ya tsaya a kansa har almakashi ya shiga, ya ce riga da wando, hannu mai faɗi.

Ranar Talata da yamma mata suka taru rabon anko. Rabon ma da tsarinsa: tsofaffi ke fara ɗauka, a gangaro, kuma gidan wanda aka aika shi ke ɗauka a ƙarshe, don kada a ce ya zaɓi mai kyau. Mama Christabel na zaune da ƙafa a kan kujera tana kiran suna. A suna na talatin da biyu tabarma ta zama fili. Mata takwas na tsaye, 'yan mata goma sha biyu na jingine da bango. Tabitha ce ta ƙarshe a layin.

Aka aika kiran Malam Othniel. Ya shigo a natse, ya nemi allo, ya rubuta lissafinsa da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Happiness, wadda ke koyarwa a firamare, ta ce Baba ya ara mata allin. Ta ɗauke arba'in ta sa a wurin x, ta sa goma sha biyu a wurin y. Turmi arba'in da bakwai.

Ya daɗe yana kallon allon.

"Kun gani ko? Lissafin ba shi da laifi. Lambobi ne suka zauna a kujerun juna. Irin wannan yana faruwa har a ƙasashen waje."

"Baba," in ji wata tsohuwa daga tabarma, "a ƙasashen wajen, me suke ɗaurawa?"

Mama Christabel ta tambayi shidan ƙarshe. Aka gaya mata. Ta ce a kawo turmin, ko mace ɗaya ta samu. Ya ce ai tela ya riga ya yanka. A waje ana jin akuyar Fasto tana cin takarda.

Washegari mata biyu suka yi sammako zuwa Sabon Gari. Nneoma ta buɗe hannu: masu biki daga Muchia sun kwashe sauran shuɗin tun ranar da Baba ya zo, ta ce sai da ta riƙe wa zumunta shi har la'asar ko za a dawo. Suka zaga layin 'yan atamfa kaf. Akwai ganyen dabino a ja, akwai shuɗi mai kifi. Anko kuwa ba ya karɓar kusan.

Aka yanke shawara 'yan mata su haƙura da bana, mata talatin da biyu su shiga fili, takwas su tsaya bayan igiya. Waƙar Tabitha aka ba Diana, wadda ke da ƙarfin murya da ƙarancin baiti. Tabitha da kanta ta zaunar da ita kwana biyu tana koya mata inda ake ja da inda ake saki. A gida ba ta tayar da maganar ba. Ta daina rerawa, shi ke nan. Malam Othniel ya lura gidan ya yi daɗin nazari.

Ranar Juma'a Sebastian ya aiko da ɗinki. Ya zauna masa cif. Ya ce Tabitha ta goge masa, ta goge, har da karin wando.

"Wani ya wakilci gidan nan ai," in ji shi.

"Haka ne, Baban Wisdom."

Filin taro a Shika ya cika tun hantsi. Zumunta bayan zumunta suna shiga, tulu na gumza, caki na amsawa. A bakin shiga akwai wata dattijuwa mai kula da tsari, Mama Uzoma, wadda ta shekara talatin tana wannan aiki, idonta ya ragu amma hannunta bai ragu ba. Ta baya take bin layi, tana dafa kafaɗar kowace mai anko tana ƙirgawa, tana gyara wadda ɗaurinta ya karkace.

Da aka kira Samaru, mata talatin da biyu suka jeru. Malam Othniel ya ga bai dace uba ya bar 'ya'yansa su shiga su kaɗai ba, ya je ya tsaya a ƙarshen layi, shuɗi tun daga wuya har idon sawu. Aka ce a yi addu'a, ya tuɓe hula. Rana ta sauka a kan sanƙo.

Mama Uzoma ta iso tana dafawa. Talatin. Talatin da ɗaya. Talatin da biyu. Ta dafa kafaɗarsa.

"Talatin da uku," ta faɗa wa mai lasifika. Sannan ta ɗaga kai, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a shekara talatin, ta ɗaga murya yadda rabin fili ya ji. "Ke! Baiwar Allah! Da girmanki za ki shiga gaban Ubangiji kai ba ɗankwali?"

Ya buɗe baki zai yi bayani. Bayanin na da tsawo, yana neman ta inda zai fara. Daga bayan igiya, cikin mata takwas masu kayan gida, Tabitha ta riga shi, da muryar nan da ta yi wata guda tana gyarawa.

"Mama, ki yi mata haƙuri. Sabuwa ce a zumunta."