Tsugunon Nomau Mai Rake

A Rafin Ɗinya akwai wani mai sayar da rake ana ce masa Nomau. Gidansu mutum uku ne da kyanwa ɗaya: shi, da tsohuwarsa Inna Yalwa, da matarsa Lantana. Nomau mutum ne mai farar zuciya, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya, ko sare bishiyar aka yi za ka tarar da shi a jikin kututturen.

Ga shi da cika baki. Kullum a teburin mai shayi sai ya bugi ƙirji ya ce, "Duk ƙasar nan babu mai laushin jiki irina. Ni da kuke gani, in na ga dama da babban yatsan ƙafa nake susar kunne." Ran nan bai rufe baki ba iska ta ture hularsa ta faɗi a gabansa. Nomau ya dubi hula. Ya miƙa hannu, hannu ya tsaya a cinya. Sai ya ce, "Dama ta ishe ni," ya yi gaba abinsa. Kowa a garin ya sani, tun da ya faɗo daga kan giginya yana saurayi jikinsa ya sandare kamar raken da yake sayarwa, har salla a kan kujera yake yi. Amma ko za a yanka shi ba zai amsa ba.

To, Lantana ta tafi gidan iyayenta a Tudun Maƙera wankan jego, haihuwar fari. Ranar suna Nomau ya je gaishe da surukinsa Malam Barau, ya tsaya ƙiƙam kamar taɓarya, hannu kawai ya ɗaga. Tsoho ya riƙe abin a ransa. Sai da aka gama wanka, lokacin komawa ya yi, sannan saƙo ya iso: Lantana da jaririnta ba inda za su, sai ranar da mijinta ya zo ya tsuguna ya yi gaisuwa kamar ɗan mutane. Uwarta kuma ta ce ya taho da kayan gyaran jiki na mai jego, na gargajiya, ban da masu ƙona fata.

Nomau ya kasa cin tuwo. Ɗan nan nasa sau ɗaya tak ya taɓa riƙe shi.

Inna Yalwa ta ce, "Zaman tagumi ba ya lanƙwasa gwiwa. Tashi ka tafi wajen Saminu."

Wata rana da safe Nomau ya sami Saminu, ɗan ƙanin babansa, wanda ke koyar da motsa jiki a firamaren garin. Saminu ya ce, "Yaya, maganinka yoga. Miƙe-miƙen jiki ne na mutanen Indiya, ko icen gatari ya yi shi sai ya yi laushi." Ya jingina wayarsa a kan turmi a tsakar gidan Inna, ya kunna bidiyon wani mutum mai gajeren wando. "Duk abin da mutumin nan ya yi, kai ma ka yi. Ni zan shiga aji."

Mutum ya ɗaga hannuwa sama, Nomau ya ɗaga. Mutum ya ɗage ƙafa ɗaya, Nomau ya ɗage da ƙyar, yana nishi. Nan fa hoto ya maƙale, mutum ya tsaya cak a ƙafa ɗaya. Nomau ma ya tsaya. Rana ta ɗaga. Inna ta fito da wanki, ta ga igiya ta cika, ta ga hannuwa biyu a sama ba aikin da suke yi, sai ta shanya ɗankwalinta a kansu. Can waya ta mutu, fuskarta ta yi baƙi. Nomau ya leƙa, ya hango mutum a ciki har yanzu a ƙafa ɗaya.

Da Saminu ya dawo ya ce, "Subhanallahi! Yaya, ai wayar ta daɗe da mutuwa!"

Nomau ya ce, "Yana nan bai sauke ba. Duba ka gani. Sai dai ya rame, ya yi baƙi, kuma shi ma an shanya masa ɗankwali."

Wata rana Saminu ya ce a bar waya. Ya nuna kyanwar gidan da ta tashi daga barci tana banƙare baya. "Ka ga wannan? Ita ce malamar yoga ta asali. Ka riƙa kallonta, yadda ta yi ka yi." Kyanwa ta miƙe ƙafafun gaba, Nomau ya dafa turmi ya miƙe, bayansa ya ce ƙaras. Kyanwa ta yi hamma, ya yi. Kyanwa ta lallaɓa ɗakin girki ta sa baki a ƙwaryar nono, Nomau ya jira ta gama shi ma ya sa. Inna ta shigo da muciya. Kyanwa ta yi tsalle ɗaya ta haye katanga. Nomau ya yi tsalle, katanga ta ƙi karɓarsa, muciya ta karɓe shi.

Yana susar baya ya ce, "Inna, aji fa muke."

Ta ce, "To ga kuɗin makaranta," ta ƙara masa ɗaya.

Abin mamaki, tsakanin kyanwa da muciya da Saminu, jiki ya fara jin magana. Kullum Saminu na danna masa kafaɗa a hankali yana cewa, "Ja numfashi, saki jiki, kada ka yi gaggawa." Hannun da ke tsayawa a cinya ya kai gwiwa. Gwiwa ma ta soma sauka rabi, tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Wata rana, ranar kasuwa, Inna ta aike shi sayen kayan Lantana. Ta ce, "Ka ji ni da kyau, yanzu kasuwa ta cika da algus. Abin da ba za ka iya sa shi a bakinka ba, kada ka sayo wa matarka ta sa a jikinta."

Nomau ya shiga layin masu kayan kwalliya da yunwarsa. Ya lakaci man kaɗanya ya kai baki, ya ce, "Ba gishiri, amma yana shiga. Zuba." Ya ɗanɗani kurkum, bakinsa ya koma rawaya. Ya ɗanɗani garin lalle, ya yamutsa fuska ya haɗiye. Wajen zuma kuwa ya ce bai ji da kyau ba, ya sake, ya kuma sakewa, sai da mai zuma ta buge masa hannu da ludayi. Da ya iso kan sabulun salo ya gatsa, kumfa ta cika masa baki tana zubowa ta gemu, mata suka dare suna salati, wata na cewa a nemo masa mai ruƙiyya.

A ƙarshen layi akwai wani mai lasifika da kwalabe jere a kan tebur, mata sun yi masa zobe. Yana ta ihu, "Zallar karas da madara! Ba haɗi, ba algus! Shafa yau, haske gobe!" Nomau ya ji karas da madara, ya ce yau ga abin kirki. Ya buɗe kwalba ya dumbuza ya kai baki.

Jama'a, tsallen da ya kasa yi a katanga a nan ya yi shi. Ya zaro harshe yana fifita shi da hannu biyu, hawaye na zuba.

Mai lasifika ya ce, "Kai, wane irin mahaukaci ne wannan? Wa ya ce maka ci ake yi?"

Nomau ya ce, "Kai ka ce karas da madara! Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin karas mai yajin batir ba!"

Wata dattijuwa da ta riga ta ɗauki kwalba ta dubi harshen, ta ajiye a hankali kamar mai ajiye kunama. Sauran ma suka zame ɗaya bayan ɗaya.

A gida Inna ta kwance ƙunshi, ta ga man kaɗanya da kurkum da lalle da zuma rabin kwalba. Ta ce, "Ina sabulu?"

Ya ce, "Ba ya ciyuwa, Inna. Na gwada."

Wata rana dai aka sa ranar tafiya. Kafin ya kama hanya Saminu ya ja shi gefe. "Yaya, ka saurare ni. Ka sauka a hankali, ka saki numfashi. In ka kai ƙasa ka zauna a haka, kada ka tashi sai ya ce ka tashi."

Nomau ya iso Tudun Maƙera da hantsi, ya aika da ƙunshi cikin gida. Malam Barau na zaune a ƙofar zaure a kan buzu, dattawan unguwa kewaye da shi, don labari ya bazu cewa yau surukin nan mai girman kai zai zo. Nomau ya cire takalmi daga nesa. Ya ja numfashi. Ya tuna fuskar ɗansa. Ya soma sauka, gwiwa na ƙara, baya na amsawa, har wani tsoho ya waiwaya yana neman inda ake karya kara. Sai ga Nomau a ƙasa, tsugune cif.

"Baba, barka da hantsi. Mun same ku lafiya?"

Malam Barau ya amsa a daƙile, ya juya ya ci gaba da hirar damina. Shi a saninsa, wanda ya gama gaisuwa yakan koma gefe ya zauna da kansa. Nomau kuwa ba a ce ya tashi ba. Aka kawo fura aka sha, yana tsugune. Inuwa ta gudu ta bar shi a rana. Wani ɗan akuya ya zo ya shinshini kunnensa ya wuce. Tsoho na satar kallonsa ta wutsiyar ido, yana cewa a ransa bari mu ga iyakarsa.

Sai hadari ya haɗo. Ruwa ya tsuge, dattawa suka kwashi buzu da tabarmi suka faɗa zaure. Nomau na nan a fili, ruwa na bin ƙeyarsa yana fita ta ƙafar wando.

Liman ya leƙa ya ce, "Malam Barau, ka ji tsoron Allah. Ni surukaina biyar, amma ban ga wanda zai yi mini rabin wannan ba."

Wani ya ce, "Wannan ne aka ce mai girman kai? To Allah ya ba mu irinsa."

Malam Barau ya miƙe. Ya fito bakin zaure ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ku shaida, na huce. A gaya wa Lantana ta haɗa kayanta, yau za ta bi mijinta." Sannan ya dubi Nomau ya ce, "Tashi, ɗana. Tashi ka shigo."

Nomau ya ce, "To, Baba." Bai motsa ba.

"Na ce ka tashi."

"To, Baba."

Ya yunƙura. Gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya sake yunƙurawa, ya tafi gefe ɗaya a dunƙule kamar tulu, ƙafafu na nan a naɗe yadda suke. Samari biyu suka ɗago shi ta hammata, ya taso sama a tsugune, suka ajiye shi cikin zaure a tsugune.

Lantana ta leƙo daga cikin gida, goye da jariri, ta rufe baki da mayafi. "Baba, ai haka yake. Tun da ya faɗo daga giginya jikinsa ba ya lanƙwasuwa. Kunya ce ta hana shi faɗa."

Nomau ya ce, "Wa ya ce? Ni da nake susar kunne da..."

Malam Barau ya ce, "To sosa mu gani."

Nomau ya dubi babban yatsan ƙafarsa, ga shi nan kusa, bai taɓa zuwa kusa haka ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, yau ba ya ƙaiƙayi."

Dariyar da aka yi sai da ta fi ƙarar ruwan. Malam Barau ya yi har da riƙe ciki, yana share hawaye da hannun riga. "Ashe gwiwa ce! Ni ina nan ina fushi da mutum, ashe da gwiwa nake faɗa. Da yana tsaye ya kasa sauka, yanzu ya sauka ya kasa tashi." Ya karɓi jaririn daga wajen Lantana ya ɗora wa Nomau a cinya. "Riƙe ɗanka. Zaman ma ya yi daidai."

Da ruwa ya ɗauke aka ɗaura wa shanu amalanke, aka ɗora kayan Lantana, aka ciccibi Nomau aka ɗora a kan kayan. Duk dattijon da suka wuce a hanya sai ya ga mutum tsugune a saman amalanke yana cewa, "Barka da yamma, Baba." Ran nan daga Tudun Maƙera har Rafin Ɗinya babu tsohon da bai sa masa albarka ba.