Rasuwar Jan Bokitin Gobara na Makarantarmu

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya hana ni jin daɗin tuwo yau kwana shida, ni Malam Maharazu, hedimastan makarantar firamare ta ƙauyenmu da ke kan hanyar Danja, nake sanar da iyayen yara da masu unguwanni da duk mai kishin ilimi rasuwar jan bokitinmu na kashe gobara. Ya rasu ranar Alhamis da azahar, cikin watan Fabrairu na 1965, a ɗakin ajiya, cike da yashinsa kamar yadda ya rayu. Shekararsa uku a bakin aiki.

Marigayin ya zo mana a bayan lori, ja wur, da fararen haruffan Turanci a jikinsa. Bai taɓa yoyo ba, bai san tsatsa ba. Ba shi da surutu. In an ɗaga mariƙinsa ya ce ƙiii, in an dire shi ya ce ƙwal, shi ke nan. Da haka malamaina suke, da tuni na yi ƙiba.

A shekararsa ta farko na rataye shi a baranda kamar yadda takardar hukuma ta ce. Kai, jama'a, na ga wulaƙanci! Matan unguwa sai su kifar da yashin su tafi rijiya da shi. Wata rana a gidan suna na iske shi, cike da kunun tsamiya. Kunu fa! Tun daga ranar na kulle shi a ɗakin ajiya da kwado, makullin kuwa ba ya barin aljihuna. Masu dogon baki suka ce bokitin gobara a kulle ba shi da amfani. Su dai ba su ga fuskar mai duba makarantu ba, wanda duk zuwan da ya yi sai ya rantse bai ga bokiti mai tsabtar namu ba daga nan har Maska.

Mai kula da marigayin ita ce Shafa'atu 'yar Sada manomi, 'yar aji huɗu, wadda ta fi kowa kyan rubutu a makarantar. Duk Litinin in buɗe mata, ta goge shi da tsumma, ta tankaɗe yashin da rariya. Ranar da na ba ta aikin na faɗa mata a gaban yara duka cewa duk abin da ya sami bokitin nan, bulala goma sha biyu ce a tafin hannunta. Ba ta taɓa sa ni na ɗaga bulalar ba. Don haka ne ma na sa sunanta cikin masu jarrabawar shiga babbar firamare a Malumfashi bana.

Jinyar marigayin gajera ce. Mai duba makarantu zai zo ranar Litinin, ni kuma na lura fentin gindin bokitin ya ɗan koɗe. Sai na hau keke da sassafe zuwa Funtua in sayo jan fenti. Kafin in tafi na ba da umarni a tuge karan audugar gonar makaranta a ƙone, kamar yadda malaman gona ke sa kowa yi bayan tsinka saboda tsutsa. Na ce a tara shi can bayan aji, kada toka ta ɓata mana gaban makaranta. Iska ta juya, jinkar aji ta kama wuta, ta ci har ɗakin ajiya. Wanda ya ce wannan laifin wani ne, to da iska yake faɗa.

Dole in ambaci halin da Malam Pius ya nuna, malamin aji uku, haifaffen Funtua. Ya buga ƙarfe, ya fitar da yara arba'in da uku, ya jera su a gindin ɗorawa, har ya goyo wani mai ciwon ƙafa. Madalla. Amma wanda ba shi da ƙafa ko ɗaya fa? Sau biyu kawai ya doki kwadon da dutse, ya ga ya ƙi, ya bar shi ya ruga rijiya. Da na tuhume shi sai ya ce mini, "Hedimasta, ni yara na gani, ban ga bokiti ba." Na rubuta wannan magana a takardarsa.

Mutum ɗaya ce ta tuna. Da ƙofar ɗakin ajiyar ta ci wuta ta faɗi, Shafa'atu ta sulale daga layi ta faɗa ciki. Yashi da nauyi, ƙarfe kuma ya yi ja. Ta kama mariƙin da hannu biyu ta ja, kunnen bokitin ya ɓalle, ta fito da mariƙin kaɗai. Nan take azara ta rufto ta murƙushe bokitin. Waɗanda ke wurin sun ce sau ɗaya ya ce ƙwangaram, bai ƙara ba. Ni kuwa na iso da la'asar da gwangwanin fenti a bayan keke, ban samu ganawa da shi ba. Wannan shi ya fi cina.

Ya rasu ya bar makulli ɗaya, yana nan a aljihuna lafiya lau, da kwado mai tabo biyu, da fentin da ko buɗe shi ba a yi ba, da yashi kusan mudu huɗu da muka tsince cikin toka. Ajujuwa biyu ma sun ƙone, amma su ciyawa ce da laka.

Ya kuma bar mariƙinsa, wanda ya bi Shafa'atu har asibiti a Malumfashi, don ya ƙi rabuwa da tafinta sai da likita ya sa almakashi. An cire yatsu uku na hannun dama, na hagu kuma ana jira a gani. Jiya ubanta ya kawo mini mariƙin naɗe cikin tsumma.

"Malam, ga shi," in ji Sada. "Ta ce in gaya maka ba ta yar ba, don Allah kada ka doke ta."

Na warware, na duba. Ya lanƙwashe, kuma ba a wanke shi da kyau ba. Duk da haka ni ba azzalumi ba ne. Na ce ya gaya mata na yafe bulalar goma sha biyu.

"Ko ba ka yafe ba, Malam, a ina za ka sa su?"

Ya fita ko sallama babu. Manomi ke nan, ka yi masa alheri ya bi ka da baƙar magana. Na soke sunanta daga masu jarrabawa, ba don maganar ubanta ba, sai don da alƙalami ake rubuta jarrabawa.

Za a binne marigayin ranar Laraba da hantsi a bayan makaranta, daidai inda aka tara karan. Iyaye maza su zo da ciyawa da azara, ba a son ta'aziyyar baki. An riga an nemi sabon bokiti, wannan karon da kwado biyu. Duk mai son 'yarsa ta gaji aikin kula da shi ya kawo sunanta ofis, kodayake har yanzu ban ga kowa ba, abin kunya.

Yara za su jeru bisa tsawo, kowa ya ɗebi yashin marigayin cike da tafi ya zuba a ramin. Bisa ƙa'ida Shafa'atu ce ya kamata ta fara zubawa. An ɗauke mata, tunda ba ta da abin ɗiba. Wanda ke bayanta ya matso gaba, kada a bar mini giɓi a layi.